Yaya ake gane karen Jamus na asali?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum. An yi mini tallan kwikwiyo a unguwar Madina ta Accra, an ce German Shepherd ne tsantsa, kuma ina so in shigar da shi gasar karnuka idan ya girma. Me zan duba kafin in biya?

Baban Mamobi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka nemi takardar asalinsa, ka je ka ga uwar da idonka, domin launin gashi yana ruɗin masu saye. A ƙa'idar FCI, wato ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, tsayin namiji a kafaɗa santimita 60 zuwa 65 ne, mace 55 zuwa 60, kuma fari ba ya shiga gasa.

Maman Sukura: Malam, ka nemi hoton ƙashin ƙugun iyayen, domin ciwon ƙugu gado ne a jinsin nan. Na maƙwabcinmu ya fara ɗingishi tun bai shekara ba.