Shin manhajar ƙirƙirarriyar basira tana taimaka wa mai koyon aikin ba da shawara ya san kansa?

Ɗalibi mai koyon aikin ba da shawara:
Assalamu alaikum, malamaina. Ra'ayina shi ne, ɗalibin da aka tura aikin gwaji a makarantar sakandare zai fi sanin abin da ke zuciyarsa idan kowace yamma ya rubuta yadda ya ji bayan zama da yara, sannan ya bar manhaja irin ChatGPT ta yi masa tambayoyi a kan rubutun. Amfanin irin wannan rubutu sananne ne tun binciken da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya yi a 1986 a Amurka, inda aka sa ɗaliban jami'a suka rubuta abin da ya fi ɓata musu rai na minti 15, kwana 4 a jere, daga baya aka ga zuwansu asibiti ya ragu. Abin da manhajar ke ƙarawa shi ne ta iya nuna wa mutum cewa duk ranar da yarinya ta ce za a cire ta daga makaranta, fushi ne ke cika rubutunsa, kuma fushin yana hana shi sauraronta.

Malama mai duba ɗalibai a wurin gwaji:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, binciken da ka kawo bai tsaya maka ba, domin waɗancan ɗalibai daga su sai takarda, babu wata na'ura da ta mayar musu da magana. Damuwata tana kan amsar ne. Manhajar ba ta san komai ba sai abin da ka zaɓa ka faɗa mata, alhali abin da ɗalibi ya fi buƙatar sani game da kansa shi ne wanda bai lura da shi ba balle ya rubuta: yadda ya katse yaro tun bai gama magana ba, ko yadda ya koma wa'azi da ya ji abin da bai yi masa daɗi ba. Wannan sai wanda ya zauna a ɗakin ya gani. Ga kuma halinta na son faranta rai, wanda ya kai ga kamfanin OpenAI ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT a watan Afrilun 2025 saboda yawan yabon masu amfani da shi.

Malamin jami'a:
Malama, na yarda da rabin maganarki. Amma mu faɗi gaskiya, ɗalibai nawa ne za su iya zama gaban malamin da zai ba su maki su ce wani yaro yana ba su haushi? Kunya da tsoron faɗuwa suna rufe musu baki, kuma mai duba su yakan leƙo ne jefi-jefi saboda yawansu. Tun 1957 masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya sa cikin sharuɗɗan aikin nan cewa mai ba da shawara kada ya ɓoye wa kansa abin da yake ji. Idan ɗalibi ya fara furta shi ga manhaja, ya zo miki da shi a shirye, ai an rage miki aiki.

Shugaban makarantar sakandare:
Ranku ya daɗe, duk kun manta da yaron. Ba a rubuta yadda aka ji ba tare da an ambaci abin da ya jawo shi ba, kuma abin da ya jawo shi sirrin ɗan wani ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma a ƙaramin gari cire suna ba ya ɓoye kowa.

Ɗalibi:
Ranka ya daɗe, zan iya rubuta abin da ya shafe ni kaɗai, in bar labarin yaron gaba ɗaya.

Malama:
To a nan ne hujjarka ta farko ta raunana, ƙanena, domin manhajar ba za ta gano cewa batun cire yarinya daga makaranta ne ke tayar maka da fushi ba sai ka ba ta labarin yarinyar. Malam, idan har za ku amince da wannan a sashenku, ina roƙon a sa sharaɗi cewa ɗalibi ya kawo wa mai duba shi rubutun tare da amsar da manhajar ta ba shi, domin ina so in ga abin da take gaya wa ɗalibaina kafin su koma gaban yara.