Neman shawara: batirin motarmu yana mutuwa kafin asuba a hamadar Arizona

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Makonni biyu ke nan ni da maiɗakina muke zaune cikin motarmu mai ɗakin kwana a La Posa, kudu da garin Quartzsite, filin gwamnatin Amurka da hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnati, ke ba da izinin dogon zama a cikinsa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu.

Da rana lafiya lau, amma da dare sanyi yana ratsa ƙashi. Na'urar ɗumama ɗakin da gas take aiki, sai dai fankarta batiri take ci, kuma kafin ƙarfe huɗu ya riga ya kwanta, famfon ruwa ma ya tsaya, har sai mun yi alwala da ruwan jarka mai yanka hannu. Farantan sola biyu masu wat 100 kowanne suna kwance kan rufi, ranar Janairu kuwa a karkace take bugunsu. Na goge ƙurarsu, na duba wayoyi, babu canji.

Shin jingina farantan su fuskanci kudu zai wadatar, ko in sayi batirin lithium, wanda ba a caja shi idan sanyi ya kai daskarar da ruwa? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini.