Fiyar da na shuka tana ƙonewa, ko fure ba ta taɓa yi ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka min. A 2019 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga Jos da fiya cike da leda. Lokacin ina da cikin autana, ba abin da ke zauna min sai ita. Na ajiye ƙwallo ɗaya na binne a tsakar gida nan Kano, shekarar da ta biyo ya rasu. Sau biyu maigida na cewa a sare ta a yi ɗaki, ina roƙonsa. Yanzu ta wuce katanga, amma ba fure, kuma tun hunturu bakin ganyen ya ƙone kamar an kara shi a wuta. Kullum da safe sai na share ganye cikin kwando. Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa: Allah ya jiƙan Baba. Ƙishi ne da yunwa, ki ƙara ruwa ki zuba kashin kaji. Haka na yi wa gwabata, ta yi ta 'ya'ya, sai dai yaran maƙwabta ba sa bari ta nuna, na yi magana iyayensu suka daina gaishe ni.

Mai lambu daga Jos: Hajiya, kar ki zuba ɗanyen kashin kaji, zai ƙone saiwa. Fiya ba gwaba ba ce. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, tana son iska mai laima. Mu nan Jos tudu ne, kusan mita 1,200, ku kuwa a Afrilu zafi kan haura digiri 40. Rashin fure kuma, ta ƙwallo takan ɗauki shekara 5 zuwa 13, mai aure, wato wadda aka haɗa mata reshen bishiyar da ke haihuwa, 3 zuwa 4. Ko irin fiyar da ake kira Hass da ta cika kasuwannin duniya daga bishiya ɗaya ta fito a Kalifoniya, da aure ake yaɗa ta. A ina kika binne ta, wane ruwa take sha?

Mai tambaya: Gefen makwarara, inda muke wanke-wanke. Ruwa ba ya yanke mata.

Mai lambu daga Jos: To ga cutar nan. Saiwarta a sama-sama take, ba ta jure ruwa ya kwanta, ruɓewa take yi. Gishirin ruwan sabulu kuwa a bakin ganye yake taruwa, shi ne ƙunar da kike gani. Ki kau da ruwan wankin, ki ba ta mai tsabta sosai sannan ki bar ƙasa ta sha iska. Ganyen da kike sharewa ki mayar gindinta, kar ya taɓa jikin itacen, kar kuma ki sa fartanya a wurin. Inda rana ke dukan ɓawon, shafa farar ƙasa.

Mai tambaya: Malam, shekara shida tana shan ruwan nan ta girma har haka. Ni na fi zargin hunturun bana. Ganye kuma in na tara, gara fa?

Wani ɗan'uwa: Ki kafa mata ƙusa a jiki, za ta haihu. Mai auren nan ma ni ban yarda da ita ba, wani mai sayar da dashe ya rantse min mai aure ce, yau shekara bakwai ina jira.

Mai lambu daga Jos: Ƙusa rauni ce kawai, ƙofar cuta. Hajiya, hunturu na ƙara ƙunar, gaskiya ne, amma tona gefe kaɗan da hannu ki duba. Lafiyayyar saiwa fara ce, ruɓaɓɓiya baƙa ce mai saurin karyewa. In ta farfaɗo a aura mata reshen wadda ke haihuwa.

Mai tambaya: Aure ai sai an yanke mata kai, ni ba zan iya ganin an sa wa abin Baba wuƙa ba. Wanke-wanken ma ba ni da inda zan mayar, gidan ƙarami ne. Bari in ga abin da damina za ta yi. Ba wanda ya san maganin feshi da zai tsayar da zubar ganyen?