Wai wannan ma lissafi ne?

Maman Khadija: Jama'a ku taya ni gani. 'Yata tana aji 2 a wata firamare nan Anguwar Rogo. Aikin gidan da aka ba su: "Kina da takardun naira 50, 20 da 10, rubuta hanyoyin da za ki biya naira 100." Ina amsar take? Mu da muka haddace taims tebur na bayan littafi da bulala! Ragwanci ne kawai, malamar ba ta son yin maki.

Malam Sabo: Hajiya, ki janye kalmar ragwanci. Rago 7+3 zai bayar, ya bi da jan biro, minti biyar ya gama. Wannan kuwa kowane yaro da tasa amsar, sai an duba ɗaya bayan ɗaya.

Baban Abba: Malam, ai dole ka kare 'yan uwanka. Wanzami ba ya son jarfa.

Malam Sabo: Alhaji, wata nawa ka taɓa yi babu albashi, kuma ka shiga aji?

Anti Rabi: Ni dai na gwada, hanyoyi 10 ne cif. Yaro mai rauni zai kawo 50 da 50, mai kaifi ya tono sauran, babu wanda zai zauna hannu rabbana. Tun shekarun 1970 masanan Japan suke aiki a kan wannan salon.

Baban Abba: Japan ce za ta rubuta musu Kwaman Entiras? NECO amsa ɗaya ta sani.

Ɗanliti: Naira 10 ma wa ke karɓa yanzu? Ku je Farin Gada ku miƙa wa mai tumatir.

Maman Khadija: Ni ban ce duka malamai ba fa.

Malam Sabo: Kin ce ragwanci.

Maman Khadija: Ragwanci daban, rago daban, Malam.

Ɗanliti: Hausar Jos ke nan!

Anti Rabi: Kai Ɗanliti, shekara nawa ka yi a Kano da za ka raina mana Hausa?

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda malamai na ƙoƙari, kuma Hajiya ta yi saurin magana. Anti Rabi ta kawo hujja, saura surutu ne. An rufe.

Baban Abba: Kowa? Admin, ka dai faɗa wa mutane cewa uwargidanka malama ce.

Maman Khadija: To wa zai turo min hanyoyi goman nan? Gobe za a karɓi littafin.