Neman kalmar Hausa: girmamawar da aka yi wa Mao

Tafinta: Assalamu alaikum. Ina fassara rahoto kan juyin juya halin al'adu na ƙasar Sin, na 1966 zuwa 1976, wanda za a karanta a rediyo ranar Alhamis, amma "cult of personality" ta tsaya mini a wuya. Wani ya ba ni "ƙungiyar asiri", na ga ko kusa ba ta yi ba.

Malamar Hausa: Wa'alaikumus salam. Ni "bautar shugaba" nake gani, domin a 1968, da Mao Zedong, shugaban Jam'iyyar Kwaminis ta Sin, ya aika wa ma'aikata mangwaron da ministan harkokin wajen Pakistan ya kawo masa, adana shi suka yi cikin gilashi, aka ƙera irinsa da kaki irin na kyandir, ana zagaya gari da shi.

Ɗan Gobir: Malama, bauta ta Allah ce, kunnen Bahaushe ba zai karɓe ta a kan ɗan Adam ba. Muna da "bambaɗanci" tun kaka da kakanni, amma ku mutanen rediyo kun raina abin gida, shi ya sa kuka cusa mana "farfaganda".

Malamar Hausa: Malam, maroƙi da kansa yake zuwa ƙofar sarki don a yi masa kyauta. A can kuwa rundunar soja ce ta buga ƙaramin jan littafin maganganun Mao a 1964, daga baya ministan tsaro Lin Biao ya rubuta masa gabatarwa, aka wayi gari wanda bai riƙe shi ba yana cikin haɗari. Bambaɗanci bai ɗauki wannan tilas ɗin ba.

Ɗan Gobir: Duk da haka Hausar Sakkwato ba ta rasa kalma ba, ku dai kuka ƙi tambaya.

Tsohon edita: A bar zancen Kano da Sakkwato. Kalmar tana bukatar ɗaukar yabo da suka, saboda a taron jam'iyya na birnin Chengdu a 1958 Mao da bakinsa ya raba abin gida biyu, mai kyau da marar kyau, alhali tsarin mulkin jam'iyyar na 1982 ya haramta shi gaba ɗaya. Ina ba da shawarar "kambama shugaba".

Tafinta: Na gode, ranka ya daɗe. Zan ce "kambama shugaba har ya kusa zama bauta" a karon farko, daga nan in taƙaita.

Ɗan Gobir: Ban gamsu ba, amma tun da Alhamis ta matso, a karanta haka. Maganar "farfaganda" tana nan.