Ƙaddamar da albam da wasa kai tsaye: a ina abin ke ɓaci?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum manya. Ƙanena zai fitar da albam mai waƙa 10 bayan ƙaramar salla, kuma yana so ranar ƙaddamarwa a yi wasa kai tsaye a ɗakin taro mai cin mutum 500 a nan Kano. Akwai masu nanaye, ɗan hip hop guda, masu bege da mandiri, da makaɗan kalangu. Ku da kuka saba aikin, a taimaka mana.

Mai Mikisa: Wa alaikumus salam. Malam, fara da wuta. Ka tara wat ɗin kayan sauti duka, ka raba da 0.8, shi ne kVA ɗinka, wato ma'aunin ƙarfin janareta, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin uku na rara. Kayan kilowat 12 sun zama kVA 15, to ka ɗauko janareta mai 20. Fitilu, na'urar sanyaya ɗaki da firjin lemo kada su hau layi ɗaya da sauti. Duk sanda kwamfuresar firji ko ta na'urar sanyaya ɗaki ta tashi wuta takan yi ƙasa, mikisa ta dijital (na'urar haɗa sautuka) ta mutu ta sake tashi, mawaƙi na tsaye da makirufo ba ya jin kansa. Mikisa, kwamfuta da akwatin makirufo mara waya a sa su kan UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in ta ɗauke. A kafa ƙarfen at (earth, mai kai ɓatacciyar wuta ƙasa) a ƙasa, a zuba masa ruwa in ƙasar ta bushe. Rashinsa ke kawo gurnanin nan a lasifika, shi ke sa makirufo ya ja leɓen mawaƙi. Wajen kunnawa amfilifaya (mai ƙara wa sauti ƙarfi) ce ƙarshe, wajen kashewa ita ce farko.

Kuwwar lasifika kuwa, yawanci daga mawaƙi ne. Matasa na son dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Da ka toshe ramukan bayansa, ya daina tace sauti, ya kwaso na monita (lasifikar da mawaƙi ke jin kansa da ita) ya mayar, sai tsuwwa. A riƙe shi a jiki, yatsa biyu tsakaninsa da baki.

Makaɗi: Yallaɓai, kayan fata ba kamar piyano ba ne, suna jin yanayi. Mandiri in ya sha laima ko sanyin ɗaki fatarsa takan saki, sautin ya zama kamar ana dukan kwali, shi ya sa ake ɗan gasa shi kafin a hau. Ku tanadar musu wuri a waje, kuma kada a kira su su zauna awa biyu suna jira. Mai kalangu kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matse tsarkiya yana juyawa wajen wanda yake wa kirari. Makirufo mai sanda ba zai kama shi ba. A maƙala masa ƙarami a bakin kalangun, ta gefen da gula ba ta sauka.

Furodusa: Ni kan albam ɗin zan tsaya. A ɗora shi wajen mai rarraba waƙa ga manhajojin sauraro, DistroKid ko TuneCore ko wani, sati uku zuwa huɗu kafin ranar. Spotify na buƙatar aƙalla kwana 7 kafin fita in ana so a miƙa waƙa ga masu zaɓen jerinsu. Fayil ya zama WAV, 44.1 kHz, hoton bango fiksel 3000 sau 3000, ba lambar waya a jikinsa, don suna mayar da shi. Tun 2015 Juma'a ce ranar fitar da sabbin waƙoƙi a duniya, amma mutanenmu sun fi yawa a Audiomack da YouTube da wajen masu turi a waya, don haka waɗannan su fita lokaci guda.

Abu biyu na ci mini rai. Na ɗaya, sunan mawaƙi: yau a rubuta da ɗ, gobe da d, jibi da 'd, sai waƙoƙinsa su watse shafi uku. A zaɓi rubutu ɗaya a zauna kansa. Na biyu, mawaƙiyar da ta yi amshi da wanda ya buga kiɗa. A rubuta kason kowa a takarda, a sa hannu tun a situdiyo, a sa sunansu. Muryar mace ce ke ɗauke da rabin waƙar nanaye, bai dace a biya ta kuɗin mota a manta da ita ba.

Don wasan, kowane mawaƙi ya kawo kiɗa da amshi ba tare da babbar murya ba, a filashi biyu. Kada a kunna daga waya: kira zai shigo. Mai amfani da otocun (na'urar daidaita murya) ya rubuta kiy ɗin kowace waƙa, wato matakin sautin da aka ɗora ta a kai, in aka sa wanda ba shi ba, na'urar za ta riƙa jan muryar zuwa inda kiɗan bai je ba.

Hajiya Mai Shirya Taro: Ƙanena, takardu tukuna. A Kano sai ka je Hukumar Tace Fina-finai, ka kuma sanar da 'yan sandan yankin da Hisba a rubuce, ka riƙe kwafi a bakin ƙofa. Masu bege su buɗe taro bayan la'asar. Da yawansu ba za su so hawa bayan an yi rawa ba. A tsaya salla da magariba. Liƙi kuma, sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu. A ajiye kwando a ƙasan dandamali da mai POS a gefe. Masu hawa liƙi su ne ke tsinka wayoyi, su ne kuma ke mayar da waƙar minti 5 ta koma 20.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Gwajin sauti fa, wa zai fara?

Mai Mikisa: Wanda zai rufe taro shi ke fara gwaji, mai buɗewa ya yi na ƙarshe, kayansa na nan a jere ana buɗe ƙofa. Ka ba gwajin awa uku, a adana saitin kowa a mikisa da sunansa, a sa sabon batir a kowane makirufo bayan gwaji.