Shawarwarin da aka tattara kan kai koken ƙauye ga ƙaramar hukuma

A zaman da dattawa da matasa da wakilan mata suka yi kan kwalbatin da ruwan damina ya cinye, an fi jaddada cewa koke na baki ba ya wadatarwa. Shawarar da ta rinjaya ita ce a rubuta takarda, dagaci da masu unguwanni su sa hannu, a miƙa wa kansilan mazaɓa, a kuma ajiye kwafi mai ɗauke da hatimin sakatariya, domin takardar da ba ta da shaidar karɓa ita ce ke saurin ɓacewa. Wannan, a ganina, shi ne mafi amfani cikin abin da aka faɗa.

Wani malamin firamare ya tunatar da cewa tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da kasuwanni a wuyan ƙaramar hukuma, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, saboda haka tambayar inda kuɗin suka shiga haƙƙin talaka ne.

Mata kuwa sun nemi a fara aikin gayya tun da rani, a tara yashi da duwatsu, a bar wa hukuma siminti da rodi.